Yadda na nemo zaman masu barin giya a Kaduna, da wuraren da na yi ta ɓata hanya

Sana'ata gyaran firij ce da firiza da na'urar sanyaya ɗaki, kuma ta ƙofar sana'ar giya ta shigo mini. Duk mai wannan aiki a Kaduna ya san inda kuɗi yake: otal-otal, da gidajen giya na ƙetaren gada, da mami maket ta bariki, don su firizarsu ba ta kwana a lalace. In ka gama canza kwamfireso ka cika gas, gumi ya jiƙa maka riga, sai madam ta ce a kawo wa injiniya mai sanyi. Shekara biyu ina cewa a ba ni lemo. Ranar da na karɓi ɗayar ba wani abu ne ya faru ba, ba baƙin ciki ba biki, zafi kawai ake yi. Daga nan na kwashe shekara goma sha ɗaya. Kwalba ta koma 'yar leda, mai zafin nan da ake sayarwa a tasha, domin ita tana shiga akwatin kayan aiki tsakanin sifana da filaya ba wanda ya sani. Aljihuna ba ya rabo da kanumfari da TomTom. Ina zuwa masallaci, ina biyan kuɗin makarantar yara, kuma a raina ni ba mashayi ba ne. Mashayi shi ne wanda ake tsamowa daga kwata.

Azumin 2024 ya kama cikin zafin Maris. A shekarun baya dabarata ita ce in kame da rana, in an sauko daga asham in zagaya in sha. Wannan karon na rantse ko ɗigo ba zan taɓa ba. Ranar farko na wuni da gumi da tashin zuciya, na ce wahalar farkon azumi ce. Rana ta biyu da hantsi ina walda a bututun firizar wani mai ƙanƙara, sai na ga harshen wutar ya ƙi tsayawa a kan gaɓar, yana ta lilo. Ashe hannuna ne. Iyakar abin da zan iya tunawa ke nan. Yaron da ke taya ni aiki ya ce na faɗi ina shure-shure, na ciji harshe, sai da mutum uku suka riƙe ni. Aka kai ni gida, aka ce iska ce, aka kira mai ruƙiyya ya yi karatu har la'asar, aka turara mini habbatussauda. Da dare jiki ya ci gaba da karkarwa kamar mazari, sai na aiki yaron a ɓoye ya kawo mini leda biyu. Kafin minti ashirin hannuna ya tsaya cak. Ina tsugune a banɗaki da ledar a hannu na san ba aljani ba ne, don ban taɓa jin aljanin da ake kora da naira ɗari biyu ba.

Matata ta daɗe da sani, ba a ɓoye wa mace wari. A daren ta ce, “Baban Ummi, ko ka gaya wa Yaya da bakinka, ko ni in gaya masa.” Na gaya masa. Ya yi shiru ya fi minti biyar yana kallon tabarma, sannan ya ce akwai wani malami a bayan gari da ke riƙe irinmu wata uku, ana ba su rubutu, ana sa musu mari in sun yi gardama. Na ce, “Yaya, ka manta Rigasa?” Duk ɗan Kaduna ya tuna watan Satumba na 2019, da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a can, wasu da sarƙa a ƙafa, wasu bayansu duk tabon bulala. Yaya bai musa ba, amma ya ce, “To kai kawo naka maganin.” Ya ba ni zuwa bayan salla. Abin da ya tura ni nema ke nan, kuma gaskiya ita ce duk tsawon neman ina sha, kaɗan-kaɗan da dare, ina jin kunyar kaina.

Na fara da waya, kamar kowa. Na taɓa ji a rediyo cewa Turawa na da ƙungiyar mashaya masu taimakon juna, Alcoholics Anonymous, wato mashayan da ba a bayyana sunansu, ana taƙaita ta da AA. Na rubuta a Google na haɗa da Kaduna. Abin da ya fito duk na Amurka ne da Ingila, sai ɗai-ɗai na Legas. Na sauke wata manhaja mai nuna zama mafi kusa da kai, ta yi ta juyawa, ta nuna mini fili fayau. Lambobi biyu na Najeriya da na tsinta, ɗaya a kashe, ɗaya wata mata ta ɗauka ta ce ita gwanjo take sayarwa. Na shiga zaman Zoom sau uku. Su suna yi ƙarfe takwas na dare a agogon New York, a nan ƙarfe ɗaya ne na dare, ina maƙale a zaure da abin saurare a kunne don kada a ji. Mutanen kirki ne, wata tsohuwa har ta kira sunan da na rubuta ta yi mini maraba, amma Turancinsu ta hanci yake fita, rabi nake kamawa, data na ƙarewa, kuma ba wanda zan yi wa bayanin mene ne a kama ka da warin giya a sahun sallar asuba. Na kuma kira wani gidan gyaran hali mai zaman kansa da na gani a Facebook. Mai ɗaukar wayar ya yi mini magana mai daɗi, sannan ya ce naira dubu ɗari shida a wata, kuma ba a ƙasa da wata uku. Na ce zan sake kira.

Daga waya sai malami. Ban je wa limamin unguwarmu ba, na hau keke na tafi wata unguwa wurin wani dattijo da na taɓa gyara wa fanka. Na ce, “Allah gafarta Malam, tambaya ce a kan wani abokina.” Ya saurara har na gama, ya ce, “Ka gaya wa abokin naka ya daina kai hannu aljihu yana ɗauko kanumfari in yana magana da ni.” Na sunkuyar da kai. Bai zage ni ba. Ya ba ni labarin sahabin da ake yi wa laƙabi da Himar, wanda aka sha kawowa gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya, har wani ya tsine masa, Annabi ya hana, ya ce mutumin yana son Allah da ManzonSa. Ya kuma tuna mini cewa haramcin giyar ma daki-daki ya sauka, a Baƙara, sannan Nisa'i, sannan Ma'ida. Na yi kuka a zauren nan kamar yaro. Amma da na tambaye shi ko ya san inda masu irin wannan lalura ke haɗuwa, ya ce shi bai taɓa ji ba. Shawararsa ita ce in riƙe istigfari in je asibiti, ya ce jijjigar da na yi ba ta malamai ba ce.

Duk da haka sai da na ƙara yin wauta ɗaya. Na je wa wani mai kemis da muke mutunci na ce ya ba ni maganin barci mai ƙarfi in kulle kaina a ɗaki kwana uku in huta. Ya ƙi. Ya ce wanda ya riga ya yi jijjiga sau ɗaya, in ya sake yankewa shi kaɗai, ta biyun tana iya tafiya da shi. A lokacin na ji haushinsa, na ɗauka rowa ce. Wani kuma ya ce in je NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, suna da sashen ba da shawara, har da layin waya na kyauta da suka buɗe a 2022. Ban je ba, tsoron kaki ya hana ni, ko da yake daga baya na haɗu da mutum biyu da ta can aka turo su, ba wanda ya taɓa su.

Bayan salla da mako guda na tafi asibiti. Ba zan faɗi wanne ba ne. Masu sashen ƙwaƙwalwa a Arewa sanannu ne, na Barnawa a nan Kaduna, Dawanau a Kano, Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, ban da asibitocin koyarwa, kuma sunayen nan duk mun mai da su abin zolaya, shi ya sa ƙafar mutum ke nauyi. Na isa ƙarfe shida da rabi na safe ina ganin na yi sammako, na tarar da mutum sama da talatin a benci. Kuskurena na farko: na zauna a layin ganin likita alhali ba ni da kati. Sai wajen takwas wani mai shara ya ce mini in fara zuwa tagar biyan kuɗi, in kai rasit ɗakin ajiye fayil, su buɗe mini fayil su ba ni ƙaramin kati, sannan nas ta auna jini da nauyi, sannan layi. Kowace taga da nata layin. Kati da ganin likita sun ci mini kamar dubu biyar. Ba su nemi katin ɗan ƙasa ba, amma sun nemi suna da lambar wani makusanci, kuma nas ta tambaye ni har sau biyu, “Malam, kai kaɗai ka zo?” Na shiga wurin likita ana kiran azahar.

Likitan yaro ne, ba zai wuce sa'an ƙanina ba. Ya ɗauko takarda mai tambaya goma, ya ce ta Hukumar Lafiya ta Duniya ce: sau nawa kake sha, nawa kake sha a rana, ka taɓa bukatar sha da safe kafin ka iya aiki, ka taɓa mance abin da ya faru a daren jiya. Na fara ragewa, na ce leda biyu. Ya ajiye biro ya ce, “Oga, ni da adadin da ka faɗa zan auna maganinka. In ka rage mini, kanka ka rage wa.” Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na ce takwas zuwa goma. A nan ne aka fara yi mini bayanin abin da ya same ni a shago. Ya ce giya tana danne ƙwaƙwalwa, ita kuma in ta shekara ana danne ta sai ta saba da turowa da ƙarfi. Ranar da ka janye giyar gaba ɗaya, turowar ba ta tsayawa. Karkarwa da gumi kan fara cikin sa'o'in farko, jijjiga a kwana ɗaya zuwa biyu, sannan a kwana na biyu zuwa na huɗu wasu kan rikice su riƙa ganin abin da babu, kuma wannan yana kisa in ba a kula ba. Na ce masa kamar kwamfireson da aka toshe wa hanya ke nan. Ya yi dariya ya ce to ka fi ni iya bayani.

Ya rubuta gwajin hanta da na ƙoda da na jini, dubu goma sha takwas. Ya ce tunda na taɓa faɗuwa ba zai bar ni in yi a gida ba, sai an kwantar da ni, kuma sai da ɗan'uwa ya sa hannu. Dole na koma gida na dawo da Yaya washegari, aka sake bin layi. Kwana shida na yi. Ana ba ni diyazefam, maganin kwantar da karkarwa da hana jijjiga, ana rage shi kullum, da allurar bitamin B1 da suka ce tana kare ƙwaƙwalwa. Dare na uku na ga ƙadangaru suna saukowa daga silin a jere, na san babu su amma ina ɗage ƙafa. Gado da magani da abinci, duka-duka, sun kai dubu ɗari da ashirin a kuɗin lokacin, Yaya ya biya rabi, na sayar da wata firiza da nake ajiye da ita na cike. Ranar sallama na tambayi likitan ko akwai taron masu barin giya. Ya ce ya san ana yi, amma in tambayi ofishin walwalar marasa lafiya. Da ban tambaya ba, da na fita da ledar magani da ranar dawowa kawai. Ba ɓoye mini aka yi ba, kowa dai aikinsa ya yi masa yawa.

Ofishin yana can ƙarshen baranda, bayan ɗakin wanki, ko allo babu. Sau biyu ina zuwa a kulle, sai a na uku na tarar da matar, 'yar kudancin Kaduna mai kimanin shekara hamsin, tana cin gyaɗa a kan fayil. Ta ce, “Zauna, Malam. Kai ne na gado na huɗu mai ƙadangaru?” Ta ce akwai wasu tsofaffin marasa lafiyarsu da ke haɗuwa duk Asabar da yamma, ba na asibiti ba ne, ba na gwamnati ba, su suke tafiyar da abinsu a kan tsarin AA. Ta juya rasit ɗin maganina ta rubuta lamba a baya, ba suna, ta ce in ce daga wurin Mama nake. Sannan ta dube ni da hulata ta ce, “Amma in gaya maka tun yanzu, a ajin makarantar coci suke zama. Kada ka je ka gani ka ce na yaudare ka.” Sama da wata guda ina laluben duniya a waya, ashe abin yana bayan ɗakin wanki a kan bakin mace mai cin gyaɗa.

Na kira lambar sau huɗu da rana ba a ɗauka ba, har na fara cewa irin ta mai gwanjo ce. Bayan isha'i sai ga kira. Murya ce ta tsoho, ya ce, “Wa ke nemana?” Na ce daga wurin Mama. Bai tambayi sunana ba, ya tambaye ni kwana nawa rabona da sha, na ce tara. Ya ce, “Madalla. Yau fa, ka sha?” Na ce a'a. Ya ce to shi ke nan, ya kwatanta mini wurin. Zan kira shi Baba Soja, don tsohon soja ne. Asabar ta farko na je na tarar da ƙofa a garƙame, ashe ana bikin aure a harabar sun koma gidan wani, ni kuma ban kira na tabbatar ba. Kuɗin keke dubu ɗaya da ɗari biyu zuwa da dawowa ya tafi a banza, kuma a hanyar dawowa na wuce ta gaban gidajen giya uku da na san firizarsu ciki da waje. Asabar ta biyu na iso da wuri, na tsaya wurin mai facin taya a tsallaken titi ina kallon ƙofar. Wanda bai zauna a Kaduna ba ba zai gane nauyin abin ba. Tun rikicin 2000 gari ya rabu, kogi ya zama iyaka, kuma mutum mai hula daga Tudun Wada ya shiga harabar coci ranar da ba aiki ya kai shi ba, in wani ya gan shi, me zai ce? Na shiga irin harabar nan sau ɗari da akwatin kayan aiki. Rashin akwatin ne ya sa na ji kamar tsirara nake. Na yi minti arba'in a wurin na koma gida na ce wa matata an yi zama lafiya.

Asabar ta uku na ɗauki akwatin, ba komai cikinsa sai sifana biyu, na shiga da shi. Ajin 'yan firamare ne, bencinan ƙanana, gwiwar manya tana taɓa haɓa, a allo an bar jadawalin sau bakwai. Mutum tara na tarar. Kan tebur akwai fulas ɗin shayi, da kofunan roba, da gwangwanin Bournvita da aka huda wa murfi. Ina ɗaga kai sai muka haɗa ido da wani Alhaji da na sa wa na'urar sanyi uku a gidansa, mutumin da in ya shigo masallaci ake matsa masa. Cikina ya ɗuri ruwa. Shi kuwa ya matsa ya buga bencin da tafin hannu ya ce, “Injiniya, zo nan, akwai wuri.” Daga ranar har yau mun haɗu a waje ya fi sau goma, bai taɓa nuna ko da ido cewa mun san juna a wani wuri ba.

Baba Soja ya buɗe da ƙa'idoji, da Hausa da Turanci, wasu kuma in magana ta yi zafi sai su zarce da buroka. Ba rajista, ba takarda, ba sunan mahaifi. Sharaɗin shiga ɗaya ne, kana son ka daina sha. Ba kuɗin shiga. Gwangwanin na shayi ne da ɗan abin da ake ba maigadi, mai ɗari ya sa, marar ko sisi ya miƙa gaba. In mutum na magana ba a katse shi, ba a yi masa wa'azi, in ya gama sai a ce an gode. Wanda ka gani a nan da abin da ka ji a nan, a nan za ka bar su. Ya ce abin ya faro ne a 1935 a garin Akron na jihar Ohio, lokacin da wani ɗan kasuwar hannun jari da wani likitan tiyata, duk biyun giya ta gama da su, suka lura cewa in suna magana da juna ba sa sha. Suna da matakai goma sha biyu, na farkon shi ne ka yarda abin ya fi ƙarfinka. Kowa in zai fara sai ya faɗi sunansa na farko ya ce shi mashayi ne. Wani direban tirela ya ba da labarin yadda yake zuba giyar nan ta jin a robar ruwa. Wata malamar makaranta ta ce ita a tukunyar fulawa take ɓoyewa. Da aka zo kaina na ce ni yau saurare na zo, aka ce an gode, aka wuce. Ba wanda ya matsa. Sai a zuwa na huɗu kalmar ta fita daga bakina, kuma ta fita da ƙyar kamar ƙashin kifi.

Abin da ya fi damuna shi ne addini, kuma na san shi zai dami duk Musulmin da ya karanta wannan. Matakan suna maganar miƙa lamari ga Ubangiji gwargwadon yadda kowa ya san Shi, kuma ana rufe zama da gajeriyar addu'ar neman natsuwa. Ban ga wanda ya buɗe Littafi ya yi wa wani bishara ba, ban ga fasto ba ko sau ɗaya. Su dai aron aji suka ba da. Mu huɗu ne Musulmi, in magariba ta yi a kan dakata, mu shimfiɗa kwali a baranda, Alhaji ya ja mu. Na koma wa dattijon malamin nan na kwashe masa komai. Ya tambaye ni ko ana sa ni faɗin abin da ya saɓa wa tauhidi, na ce a'a. Ya ce, “To asibitin mishan ma muna zuwa.” Wani malamin zai iya ba ka amsa daban, ni wannan na samu. Abin da ke ci mini rai har yanzu shi ne, masallatai nawa ne a garin nan masu ajin Islamiyya da ke kulle ranar Alhamis da yamma, amma ba wanda zai ba mashaya aron ɗaya, don kada a ce.

A wata na biyu Baba Soja ya zama abin da suke kira sifonsa, wato wanda ya riga ka nisa a hanya, kake kiransa in ƙishin ya taso. Ya ce in kira kafin in sha, ba bayan na sha ba. A kwana na arba'in da ɗaya na yi akasin haka. Aiki ne a wani otal, ɗakin sanyi ya lalace, na wuni a kai, manaja ya turo kwalba biyu a tire. Ban ma yi gardama da kaina ba. Na ɓace mako biyu, wayarsa na shigowa ina kifa ta. Da na koma, ina jiran faɗa, sai ya ce, “Ƙanina, kwana nawa?” Na ce biyu. Aka tafa mini kamar yadda aka tafa wa mai shekara shida. Bayan an tashi ya ja ni gefe ya ce mai gyaran firizar giya da ke son barin giya kamar mai gyaran rijiya ne da ke tsoron ruwa, in zaɓi ɗaya. Na bar wa yarona duk kwastomomin otal da gidajen giya, ina karɓar kashi ɗaya cikin uku. Samuna ya ragu sosai, wata uku muna cin tuwo ba nama. Na koma wa likita ma na gaya masa, ya ce komawa sha ba baƙon abu ba ne a wannan ciwo, ya matso da ranar ganina.

Da zan sake bin hanyar, asibiti zan fara zuwa, ba waya ba. Wanda ya kai matsayin da hannunsa ke rawa da safe sai ya sha, kada ya yanke shi kaɗai, ko don azumi ko don rantsuwa. Zaman 'yan'uwa ba ya maganin jijjiga, su ma in ka zo musu kana karkarwa asibiti za su tura ka. Ka je da ɗan'uwa tun ranar farko don kada ka bi layi sau biyu, ka riƙe kuɗi a hannu don na'urar cirar kuɗi ba kullum take da sabis ba, ka adana ƙaramin katin da kowane rasit. Ka faɗa wa likita adadin gaskiya. Kuma ka buɗe baki ka tambaya, da sunan abin: akwai inda waɗanda suka daina sha ke haɗuwa? Ka tambayi ofishin walwala, ka tambayi nas ɗin sashen, ka tambayi wanda ka ga ya zo ganin likita da ƙafarsa yana fara'a. Irin wannan zama a wurinmu ba shi da allo ba shi da shafi, kuma da gangan ne, domin ranar da aka kafa allo rabin mutanen ba za su sake zuwa ba. Zaman intanet ma ban raina shi ba, yanzu nakan shiga na Turawan Ingila in dare ya yi mini tsawo, don agogonmu kusan ɗaya ne.

Mata sun fi mu wahala. A cikinmu biyu ne, kuma ba Bahaushiya ko ɗaya, alhali mai gyaran firij yana ganin abin da ake turawa bayan firij a gidajen aure, kwalaben maganin tari da sauransu. Matar da ba ta fita sai da izini, me za ta ce za ta je yi duk Asabar? Mama ta ce ita takan haɗa su biyu-biyu ta waya. Iyalina ma ba su gama sakin jiki ba. Har yau in na shigo matata takan matso kamar za ta karɓi leda a hannuna, na san numfashina take shaƙa, ba na cewa komai.

In an ba ka lamba, ka kira ka tabbatar kafin ka hau keke, don wurin yakan canza in ana biki ko jarrabawa, da damina kuma in hadari ya haɗu mutum uku kawai za ka tarar. In ka kira da rana ba a ɗauka ba, ka sake kira bayan isha'i. Baba Soja gadi yake yi a wani kamfani, da rana barci yake.